Kwarin Hemel-en-Aarde: Gonar Inabin Da Aka Kafa Inda Doka Ba Ta Yarda Ba

A can ƙarshen kudancin nahiyar Afirka, kimanin kilomita 120 kudu maso gabas da birnin Cape Town, akwai wani gari a bakin teku mai suna Hermanus, wanda asalinsa ƙauyen masunta ne. A bayan garin kuwa akwai wani siririn kwari da duwatsu suka sa a tsakiya, ana ce da shi Hemel-en-Aarde, wato "sama da ƙasa" a harshen Afirkans. A zamanin da ba a san kwarin nan da wani abin alfahari ba. Saboda keɓewarsa ne ma gwamnatin mulkin mallaka ta kafa zangon kutare a cikinsa a shekarar 1817, suka zauna nan har wajen shekarar 1845, lokacin da aka kwashe su zuwa tsibirin Robben. Bayan haka ba abin da aka san yankin da shi sai noman alkama da kiwon tumaki.

A yau kuwa gonakin inabi ne suka rufe gangaren kwarin, kuma giyar inabin da a ke yi a wurin tana cikin masu daraja da Afirka ta Kudu ke sayarwa a ƙasashen waje. Ita dai giya haramun ce ga Musulmi, wannan ba abin muhawara ba ne. Amma labarin yadda aka kafa gona ta farko a kwarin nan labari ne na ƙasa da iska da doka, kuma akwai abin lura a cikinsa ga duk wanda aikinsa ya shafi noma ko tsara dokokin noma. Gama mutumin da ya fara wannan aiki bai sha wahala a hannun sanyi da duwatsu kamar yadda ya sha a hannun wata doka da aka rubuta a ofis ba.

Mutumin Da Ya Nufi Kudu

Sunan mutumin Tim Hamilton Russell. Shi ba manomi ba ne tun asali. Ma'aikacin talla ne a birnin Johannesburg, har ya kai ga shugabancin reshen kamfanin J. Walter Thompson na ƙasar. Abin da ya dame shi shi ne, ko da ya ke an fara matse inabi a yankin Cape tun ran 2 ga watan Fabrairu na shekarar 1659, a zamanin Jan van Riebeeck, yawancin gonakin ƙasar suna wurare masu zafi ne, kuma abin da su ke fitarwa yawa ne ba nagarta ba. Ra'ayinsa shi ne, in ana son abin da zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da na lardin Burgundy na ƙasar Faransa, to, tilas a nemi wuri mai sanyi.

A ƙasashen da ke kudu da tsakiyar duniya, gwargwadon yadda mutum ya yi kudu gwargwadon yadda sanyi ke ƙaruwa. Saboda haka ya daɗe yana bin wurare yana duba bayanan ruwan sama da na zafi, har a shekarar 1975 ya sayi fili mai faɗin hekta 170 a kwarin Hemel-en-Aarde, 'yan kilomitoci kaɗan daga gaɓar tekun Atlantika. Filin ba shi da kuranga ko ɗaya, ba shi da wurin matse inabi, kuma a duk kewayen babu wani makwabci mai irin wannan sana'a da za a tambaya. A shekarar 1976 aka fara dashe.

Abin Da Sanyi Ke Yi Wa Inabi

Mai karatu zai so ya san dalilin da zai sa mutum ya bar wuraren da inabi ya saba ya tafi inda ba a taɓa gwadawa ba. Dalilin yana cikin ɗan inabin ne kansa. Yayin da ya ke nuna, zaƙinsa na ƙaruwa, tsaminsa na raguwa. A wuri mai zafi abubuwan nan biyu suna faruwa da gaggawa, sukari ya cika tun ƙamshi bai kankama ba, tsami kuwa ya zube. A wuri mai sanyi nunar tana tafiya sannu a hankali, ɗan inabi ya sami lokacin tara ƙamshi alhali tsaminsa na nan. Akwai iri biyu da suka fi kowanne bukatar haka, wato baƙin inabin nan Pinot Noir da farin da a ke kira Chardonnay, waɗanda su ne tushen sunan da Burgundy ta yi.

Shi kwarin Hemel-en-Aarde ba tsawon dutse ne ke ba shi sanyi ba, teku ce. Ruwan gaɓar Walker, inda Hermanus ya ke, mai sanyi ne, kuma a watannin zafi na can, wato daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar kudu maso gabas ta kan taso daga teku ta shiga kwarin ta rage kaifin rana. Ruwan sama kuwa a lokacin hunturu ya fi sauka, daga Mayu zuwa Agusta, girbi kuma ya kan faɗo a watannin Fabrairu da Maris.

Sai dai kowane alheri da nasa haraji. Iskar da ke kawo sanyi ita ce ke karya sababbin rassa, ta kuma kaɗe fure. Laimar teku tana jawo fumfuna da ruɓa, musamman ga Pinot Noir mai siririyar fata da cunkusasshen nono. Tsuntsaye da gwaggon biri da ke saukowa daga duwatsu su ma suna da nasu rabo. Daɗin daɗawa amfanin gonar kaɗan ne. A gonakin ban ruwa na wurare masu zafi hekta ɗaya ta kan ba da fiye da tan 20, amma a irin wannan wuri sau da yawa ba a samun ko rabin haka.

Dokar Kaso

Duk waɗannan wahalhalu manomi na iya yin dabararsu. Wadda ta fi wuya ita ce ta doka. A shekarar 1918 manoman inabi na Cape suka kafa wata babbar ƙungiyar gama kai da aka fi sani da KWV, mai hedkwata a garin Paarl. Dalilin kafa ta kuwa mai ƙarfi ne. Bayan wani ƙwaro mai cin saiwa da a ke kira filoksera ya hallaka gonaki daga shekarar 1886, sai manoma suka sake dashe fiye da kima, kaya ya yi yawa, farashi ya faɗi warwas. Gwamnati ta ba ƙungiyar ikon yanke farashi mafi ƙanƙanta na giyar da a ke mayarwa barasa a shekarar 1924, ta faɗaɗa ikon a 1940, sa'an nan a 1957 aka kawo tsarin kaso, wato aka ƙayyade wa kowace gona iyakar abin da za ta fitar.

Tsarin ya ceci manoma da yawa daga karyewa, wannan gaskiya ne. Amma ya zo da illoli biyu. Na farko, tun da ya ke ana biya ne bisa nauyi, kuma rarar da ba ta sami kasuwa ba ana mayar da ita barasa, sai ya zama manomin da ya fi samun riba shi ne wanda ya fi cika mota, ba wanda ya fi kyautata kaya ba. Na biyu, kason yana manne da gonakin da suka riga suka shiga littafi. Yankin da ba a noma inabi a cikinsa lokacin da aka raba kaso, ƙofarsa a rufe ta ke, ko da kuwa ƙasarsa ta fi ta kowa dacewa. Wato taswirar noman inabi ta ƙasar ta daskare a kan yadda ta ke a shekarun 1950.

Cikin wannan hali Hamilton Russell ya sami kansa. Ya yi shekaru yana ja-in-ja da hukumomi a kan 'yancinsa na yin giya da sayar da ita daga ƙasar da tsarin bai san da ita ba. Har wa yau akwai dokar asalin kaya ta shekarar 1973, wadda ta hana rubuta sunan irin inabi ko shekarar girbi ko sunan yanki a jikin kwalba sai da shaidar hukuma. A shekarun farko baƙar giyar gonar ta shiga kasuwa ne da sunan Grand Vin Noir, ba da sunan inabin da aka yi ta da shi ba.

Shekara Biyar Kafin Kwabo

Kafa gonar inabi aiki ne na mai dogon numfashi. Da farko sai an farfasa ƙasa da zurfi da manyan injuna don saiwa ta sami hanya. Ba a shuka iri, dashe a ke yi, kuma tun zamanin filoksera kowace kuranga sai an yi mata aure, wato a ɗora reshen irin Turai a kan gindin irin Amurka wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. Sai a kafa turaku, a ja waya, a ɗaure kowace kuranga a koya mata hawa, a kuma dasa itatuwan kare iska. Shekara ta farko da ta biyu ba a samun kome. A ta uku a kan sami ɗan abin taɓawa, cikakken amfani kuwa sai wajen shekara ta biyar. Duk tsawon wannan lokaci ana biyan ma'aikata ana sayen magani, ba kwabo mai shigowa.

Bayan gona kuma sai masana'anta. Dole ta kasance kusa, gama inabin da aka tsinka ba ya jira. Ana bukatar injin matsewa, da tankunan da ruwan zai tsima a ciki, inda yisti ke juya sukari ya zama barasa, da ɗaki mai sanyi, da gangunan katako da a ke sayowa daga Faransa, kowacce mai cin lita 225 ko 228. Tan ɗaya na inabi ya kan ba da kimanin lita 700, kuma ko bayan an matse sai ruwan ya yi watanni a ganga kafin a ɗura a kwalba.

Don wannan sashe na aikin Hamilton Russell ya ɗauki wani saurayi masani mai suna Peter Finlayson, wanda ya zama mai haɗa giya na farko a kwarin. A shekarar 1981, wato shekara shida bayan sayen filin, aka fitar da girbi na farko.

Matsalar Iri

Ko da aka sami ƙasa da masana'anta, sai ga matsalar iri. A wancan zamani shigo da sabon dashe daga waje ta hanyar hukuma ya kan ɗauki shekaru masu yawa a killace. Irin Pinot Noir da a ke samu a ƙasar shi ne wanda a ke kira BK5, wanda ya fito daga Suwizalan kuma bai dace da baƙar giya mai nagarta ba. Bugu da ƙari yawancin kurangun ƙasar suna ɗauke da cutar naɗe ganye, wadda wani ɗan ƙaramin farin ƙwaro ke yaɗawa. Kurangar da ta kamu, ganyenta ya kan naɗe, 'ya'yanta su ƙi nuna da kyau, kuma ba ta da magani sai tugewa.

Ƙuncin ya kai har wasu manoman ƙasar suka riƙa shigo da rassan Chardonnay a ɓoye daga Turai. Daga baya aka gano cewa wani sashe na abin da aka shigo da shi ba Chardonnay ba ne, wani iri ne dabam mai suna Auxerrois. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike na Klopper a shekarar 1986, kuma abin mamaki, sakamakon wannan abin kunya shi ne aka gyara hanyar shigo da iri da tsabtace shi. Sai a shekarun 1990 ne ire-iren Pinot Noir na Burgundy masu kyau suka wadata, gonaki suka shiga tuge tsofaffin kurangu suna sake dashe. Wato wanda ya fara a 1976 sai da ya biya kuɗin dashe sau biyu.

Ɗa Ya Zo Ya Rage

A shekarar 1991 ɗan mai gonar, Anthony Hamilton Russell, ya karɓi ragamar aikin, a 1994 kuma ya saye gonar daga hannun mahaifinsa. Abin da ya yi ya saɓa wa abin da a ke zato daga magaji mai jini a jika, gama maimakon ya ƙara sai ya rage. Uban ya dasa inabi iri-iri don gwaji, tun da ba wanda ya san abin da zai yi kyau a wurin. Ɗan ya watsar da sauran duka ya tsaya a kan biyu, Pinot Noir da Chardonnay.

Sa'an nan ya sa aka bi gonar ana haƙa ramuka ana duba ƙasa. Binciken ya nuna cewa ƙasa iri biyu ce a filin. Akwai mai rairayi wadda ta samu daga dutsen yashi, akwai kuma mai tsakuwa da yumɓu mai yawa wadda ta samu daga wani dutse mai ɓarewa falle-falle. Ita ta biyun tana riƙe ruwan hunturu ta riƙa sakar wa saiwa kaɗan-kaɗan a lokacin rani, tana kuma hana kuranga yin ganye barkatai, sai 'ya'yan su fito ƙanana masu ƙarfin ɗanɗano. Aka auna aka sami hekta 52 na irin wannan ƙasa, aka mai da dukan dashen gonar kanta. Daga cikin hekta 170 da aka saya, abin da ya cancanci kuranga bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma sai da aka yi kusan shekara ashirin kafin a tabbatar da haka. Uban ya gano iska, ɗan ya gano ƙasa.

Da Aka Buɗe Ƙofa

A shekarar 1992 aka soke tsarin kaso, a 1997 kuma KWV ta zama kamfani kamar sauran kamfanoni. Wannan ya zo daidai da faɗuwar mulkin wariyar launin fata, da sakin Nelson Mandela a 1990, da zaɓen 1994, da janye takunkumin da ya toshe wa kayan ƙasar kasuwannin duniya. Nan da nan masu neman wuri mai sanyi suka bazu a gaɓar kudu, har zuwa Elim kusa da Cape Agulhas, inda nahiyar Afirka ta ƙare.

A cikin kwarin kansa, gonar farko ta zama kamar makaranta. Peter Finlayson ya fita ya kafa Bouchard Finlayson a shekarar 1989 tare da Paul Bouchard, mutumin Burgundy. Kevin Grant, wanda shi ma ya yi shekaru yana haɗa giya a gonar, ya kafa Ataraxia a 2004. Iyalin Newton Johnson sun shigo a shekarun 1990, gonar Creation kuma a 2002. Hukumar da a da ba ta san da kwarin ba, yanzu ta raba shi gunduma uku a ƙarƙashin dokar asalin kaya, kowace da sunanta da a ke bugawa a jikin kwalba. Shi kuwa Tim Hamilton Russell ya rasu a shekarar 2013, bayan ya ga abin da aka ce ba zai yiwu ba ya zama abin koyi.

Wannan ba ya nufin wahala ta ƙare. A watan Janairu na 2019 gobarar daji ta ratsa yankin ana gab da girbi, hayaƙi ya ɓata baƙin inabin gonar, sai da aka sayi inabi daga makwabta aka yi giyar wannan shekara. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnati ta hana sayar da giya a cikin ƙasar har sau da dama. A watan Satumba na 2023 kuma ambaliya ta yanke hanyar motar da ta ratsa kwarin. Mai gona a bakin teku kullum yana cikin lissafi da abin da ba ya hannunsa.

Masu Aiki Da Masu Ƙasa

Akwai wani gefe na labarin da bai kamata a tsallake ba. Gonakin inabi na Cape an gina su ne da ƙarfin bayi tun farko, daga baya kuma da ƙarfin ma'aikata marasa 'yanci. An daɗe ana biyan ma'aikaci wani sashe na ladansa da giya, al'adar da a ke kira dop, wadda aka haramta a takarda tun farkon shekarun 1960 amma ta ci gaba a wasu gonaki shekaru da yawa bayan haka, ta bar shaye-shaye da cuta a gidajen talakawa. A shekarar 1989 Tim Hamilton Russell na cikin 'yan tsirarun masu gonaki da suka fito fili suka sa hannu a takardar yin tir da wariyar launin fata da neman a gyara halin ma'aikata. Duk da haka gyaran bai zo da sauri ba. Sai da ma'aikatan gona na lardin suka yi babban yajin aiki a ƙarshen 2012 da farkon 2013 kafin a ɗaga lada mafi ƙanƙanta daga rand 69 zuwa rand 105 a yini.

Mallakar ƙasa kuwa har yanzu yawancinta na hannun Turawa, kuma dalilin a fili ya ke. Sana'ar da sai an zuba dukiya shekara biyar kafin a ga kwabo ba ta shiguwa ga wanda aka hana kakanninsa tara kome. Shi ya sa a ke yawan ambaton Berene Sauls, wadda ta fara aiki a gidan Hamilton Russell tana mai reno, ta koyi sana'ar mataki-mataki, ta fitar da giyarta ta farko a shekarar 2015 da taimakon mai gonar. Ta sa mata suna Tesselaarsdal, sunan ƙauyensu, wanda wani Bature manomi ya bar wa bayinsa da barorinsa gado a farkon ƙarni na 19. A shekarar 2019 ta sayi filinta na kanta a tudun Hemel-en-Aarde.

Dokar kaso ta 1957 an yi ta ne da kyakkyawar niyya, don kada manomi ya faɗi. Amma da ya ke ta ɗauka cewa an riga an san duk inda inabi zai yi kyau, sai ta rufe ƙofar gwaji har shekara 35. Ƙasa mai yumɓu da iskar teku suna nan a kwarin tun kafin a rubuta dokar, ba su kuma canja ba bayan an soke ta. Abin da ya rage a gani shi ne ko ƙofar da ta buɗe wa mai dukiya a 1992 za ta buɗe wa jikokin waɗanda suka yi wa gonakin bauta, kuma amsar wannan tana ga filaye irin na Berene Sauls, inda sai an sake yin haƙurin shekarun da aka yi a gonar farko.